Tsaron Katsina: Tsakanin 'yan sa-kai da sojojin ko-ta-kwana

A ranar 10 ga watan Oktoban 2023 ne gwamnan jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, wadda aka fi sani da Community Watch, da matasa kusan 1,500 da aka ɗebo daga ƙananan hukumomin da ke bakin daji. Kwanaki shida kafin wannan biki, 'yan bindiga sun kutsa garin Dutsin-Ma cikin dare, suka yi awon gaba da ɗalibai mata biyar na jami'ar tarayya da ke garin.

A cikin wannan mako dai, can a Gabas ta Tsakiya, Isra'ila ta kira sojojinta na ko-ta-kwana kimanin 360,000 bayan harin da ƙungiyar Hamas ta kai mata ranar 7 ga wata. Malaman makaranta da direbobi da 'yan kasuwa suka ajiye ayyukansu, kowa ya nufi rundunar da sunansa ke ciki. Girman lamuran biyu da dalilansu sun sha bamban matuƙa, amma tambayar da ke ƙarƙashinsu ɗaya ce: ta wace hanya hukuma za ta ɗora wa farar hula nauyin ɗaukar makami, ba tare da makamin ya kuɓuce daga hannunta ba?

Yadda matsalar ta iso Dutsin-Ma da Kurfi

Dajin Rugu ya miƙe ne a yammacin jihar Katsina, ya ratsa yankunan Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi suna bayan waɗannan ne daga gabas, a kan hanyar da ta taso daga birnin Katsina ta nufi Ƙanƙara. Shekaru da dama ana ɗaukarsu a matsayin tudun mun tsira, inda mutanen bakin daji ke gudowa idan abu ya yi tsanani.

Sannu a hankali wannan kariya ta gushe. Rundunar 'yan sanda ta tabbatar da kisan mutum 47 a wasu hare-hare da aka kai lokaci guda ranar 18 ga watan Afrilun 2020 a ƙauyukan Dutsin-Ma da Ɗanmusa da Safana. A watan Disambar wannan shekara aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, waɗanda aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida. Zuwa watan Satumbar 2021, Dutsin-Ma da Kurfi na cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan wayar salula, bayan gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe wasu hanyoyi, ta hana sayar da dabbobi a wasu kasuwanni da kuma sayar da fetur a jarka.

Ga manomin Tamawa ko Wurma ko Birchi, lissafin ba mai wuya ba ne. Maharan kan zo ne a kan babura, galibi da dare ko da asuba, su kora shanu, su tafi da mutane domin neman kuɗin fansa, su koma daji kafin gari ya waye. Sojan da za a kira yana da nisa, hanyar kuma da damina ba kowace mota ke iya bin ta ba. Ko da jami'an tsaro sun zo sun kori maharan, ba za su zauna su jira gero da dawa su nuna ba. Wannan giɓi, wato wanda zai riƙe ƙauye bayan soja ya wuce, shi ne tushen duk muhawarar.

Akwai sojoji a jihar. Birged ta 17 ta sojojin ƙasa tana da hedikwata a Katsina, ƙarƙashin runduna ta 8 da ke Sakkwato, an kuma sha ƙaddamar da farmaki na musamman a yankin, irin su Sharan Daji da Hadarin Daji da kuma Fansan Yamma da aka soma a 2024. Sai dai dakarun Najeriya gaba ɗaya, na ƙasa da na sama da na ruwa, ana ƙiyasta ba su wuce 230,000 ba sosai, a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200, ga shi an baza su aikin tsaron cikin gida a mafi yawan jihohi.

Daga dogarai zuwa 'yan sa-kai

Tsaron ƙauye ta hannun 'yan ƙasa ba baƙon abu ba ne a Katsina. Kafin zuwan Turawa, sarki na da dogarai, a lokacin yaƙi kuma hakimai da dagatai ke tara mayaƙa daga cikin talakawansu, su koma gona idan an gama. Turawan mulkin mallaka sun bar dogarai, daga baya aka kafa 'yan doka a ƙarƙashin hukumar En'e. Usman Nagogo ya shugabanci 'yan dokan Katsina kafin ya gaji mahaifinsa Sarki Muhammadu Dikko a 1944. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san kowa, kowa ya san shi, kuma akwai wanda zai kai wa ƙararsa. Duk da haka an zargi 'yan doka da zama sandar duka a hannun masu mulki lokacin siyasar jamhuriya ta farko, musamman a kan magoya bayan jam'iyyar NEPU, abin da ya sa gwamnatin soja ta narkar da su cikin 'yan sandan Najeriya a ƙarshen shekarun 1960.

Ta fuskar aikin soja ma yankin na da dogon tarihi. Asalin sojojin Najeriya ana danganta shi ne da ƙaramar rundunar Hausawa da John Glover ya kafa a Legas a 1863. A yaƙin duniya na biyu dubban 'yan Arewa sun yi yaƙi a Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sojojin Najeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, sai aka koma neman waɗannan tsofaffin mazan jiya, aka kuma buɗe ƙofar ɗaukar sabbi cikin gaggawa, har adadin ya kai kimanin 250,000 a 1970. Janar Hassan Usman Katsina na cikin waɗanda suka jagoranci rundunar a wancan lokaci. Wannan shi ne karo mafi girma da Najeriya ta kira tsofaffin sojojinta, kuma an yi shi ne da tilas, babu wani shiri da aka tanada tun farko.

Bayan rushe 'yan doka, sai ƙauyuka suka dogara da 'yan banga da mafarauta, waɗanda aikinsu bai wuce kama ɓarawon akuya da sintirin dare ba. Da satar shanu ta yi ƙamari a farkon shekarun 2010, sai 'yan sa-kai suka bayyana a Zamfara da Katsina, mutanen da suka ɗauki bindigogin gargajiya bisa raɗin kansu. Jama'a da dama sun yi maraba da su, domin a wurare da yawa su kaɗai ke tsayawa idan an kawo hari. Amma babu rajistar sunayensu, babu horo, babu wanda zai hukunta su. An zarge su da kashe Fulani makiyaya a kasuwanni da kan hanya ba tare da bincike ba, su kuma 'yan bindiga suka riƙa kafa hujja da hakan wajen afka wa ƙauyuka da sunan ramuwar gayya. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, in ji masu iya magana. Gwamnatocin yankin sun sha haramta ayyukan 'yan sa-kai, haramcin kuma bai taɓa ɗorewa ba, saboda dalilin da ya haife su na nan.

Gwamna Masari ya gwada sulhu da afuwa a wa'adinsa na farko, ya sake gwadawa a 2019, daga bisani ya fito fili ya ce 'yan bindigar sun ci amana. A 2021 sai ga shi yana kira ga jama'a su nemi makamai su kare kansu. Kalaman sun tayar da ƙura, amma sun nuna inda aka kai: hukuma ta amince ba za ta iya tsare kowane ƙauye ba, kuma ba ta da wani tsari na shigar da jama'a cikin aikin.

Tarihin birged ɗin Alexandroni

A nan ne wasu masu sharhi kan harkokin tsaro ke kawo misalin ƙasashen da suka gina rundunar ko-ta-kwana, kuma babu inda tsarin ya yi ƙarfi kamar Isra'ila. Ambaton wannan ƙasa ba ya yi wa akasarin jama'ar Arewa daɗi, musamman bayan yaƙin Gaza, inda ma'aikatar lafiyar yankin ta ce adadin Falasɗinawan da aka kashe ya haura 60,000 a watan Yulin 2025, kuma sojojin ko-ta-kwana na cikin waɗanda suka gwabza wannan yaƙi. Amma tarihin birged guda ɗaya daga cikinsu ya isa ya nuna yadda tsarin ke aiki, da kuma inda yake ɓaci.

Birged ɗin Alexandroni ta samo asali ne daga mayaƙan Haganah, ƙungiyar Yahudawa masu ɗauke da makamai ta zamanin mulkin Birtaniya a Falasɗinu. An sa mata sunan wani rafi da ke yankin gaɓar teku tsakanin Tel Aviv da Haifa, inda ta yi yawancin yaƙinta a 1948. Ma'ana, ita ma ta fara ne a matsayin mayaƙan sa-kai. Abin da ya sauya ta shi ne matakin da firaminista David Ben-Gurion ya ɗauka a watan Mayun 1948 na kafa rundunar soja guda ɗaya tare da haramta duk wata ƙungiya mai makami a wajenta. Ya aiwatar da hakan har da ƙarfin tuwo, lokacin da ya sa aka buɗe wuta kan jirgin ruwan Altalena da ke ɗauke da makaman ƙungiyar Irgun a watan Yunin wannan shekara.

Bayan yaƙin, ƙasar ba ta da kuɗin riƙe babbar runduna, don haka aka kafa dokar aikin soja ta 1949, aka kuma kwaikwayi tsarin Suwizalan a ƙarƙashin hafsan hafsoshi Yigael Yadin. Matashi zai yi aikin soja na dole na wasu shekaru, idan ya gama sai a sanya sunansa a wata bataliya ta ko-ta-kwana, a riƙa kiransa atisaye lokaci-lokaci. Alexandroni na cikin rundunonin da aka mayar kan wannan tsari. Makamai da motoci suna ajiye ne a rumbunan soja, kowane mutum ya san kwamandansa da wurin da zai kai kansa, hukuma na biyansa diyyar albashin da ya rasa, doka kuma ta hana mai gidansa korarsa saboda ya amsa kira. Muddin yana sanye da kaki, dokar soja ce ke kansa.

Da wannan tsari ne ƙasa mai jama'a kimanin miliyan goma ke iya tara dubban ɗaruruwan mayaƙa cikin 'yan kwanaki. Sai dai tarihin Alexandroni na ɗauke da tabo. A daren 22 zuwa 23 ga watan Mayun 1948 dakarunta suka kama ƙauyen Tantura na Falasɗinawa, aka kori mazauna cikinsa. A 1998 wani ɗalibin jami'ar Haifa ya rubuta kundin bincike da ke cewa an yi wa mutanen ƙauyen kisan gilla bayan sun miƙa wuya. Tsofaffin sojojin birged ɗin suka maka shi kotu, jami'ar ta janye amincewarta da kundin, amma a 2022 wani fim na tarihi ya fito da muryoyin wasu daga cikin tsofaffin sojojin suna bayar da labarin kashe-kashe. Har yau masana tarihi na jayayya kan yawan waɗanda aka kashe da yadda abin ya faru.

A yaƙin Lebanon na 2006 kuma wata matsalar ce ta fito. An tura Alexandroni da sauran rundunonin ko-ta-kwana su fafata da Hizbullah bayan shekaru ana rage musu atisaye. Sojojin sun dawo suna ƙorafin ƙarancin kayan aiki da ruwan sha da kuma umarni masu karo da juna, wasunsu suka yi zaman dirshan a Birnin Ƙudus suna neman shugabanni su sauka. Hukumar bincike ta Winograd ta soki yadda aka tafiyar da yaƙin, a 2008 kuma majalisar dokoki ta kafa dokar da ta fayyace horo da haƙƙoƙin sojan ko-ta-kwana. Bayan 2023 ma, tsawon yaƙin Gaza ya gajiyar da su: mutane da dama sun shafe ɗaruruwan kwanaki a bakin daga, sana'o'i sun durƙushe, an kuma shiga taƙaddama kan keɓe ɗaliban makarantun addinin Yahudu daga aikin soja, wanda kotun ƙolin ƙasar ta ce ba shi da madogara a doka a watan Yunin 2024.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

A rubuce, Najeriya ba ta rasa madogara ba. Dokar rundunonin soja ta ambaci dakarun ko-ta-kwana da suka ƙunshi waɗanda suka kammala aiki, sashe na 220 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya buɗe ƙofar bai wa 'yan ƙasa horon soja idan majalisar tarayya ta yi doka a kai. A aikace dai babu wata bataliya ta tsofaffin sojoji da ake kira atisaye a kai a kai. Mafi yawan abin da ake ji game da su shi ne zanga-zangar neman haƙƙoƙinsu a Abuja, da bikin tunawa da mazan jiya na ranar 15 ga watan Janairu.

A ɗaya ɓangaren, sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya, dokar makamai kuma ta bar izinin riƙe manyan bindigogi a hannun shugaban ƙasa. Wannan ya sa jihohi ke kafa rundunonin da suke tsaka-tsaki, ba soja ba, ba ɗan sanda ba: 'yan kato da gora a Borno tun 2013, Amotekun a jihohin Yarbawa a 2020, Community Watch a Katsina a 2023, sannan Askarawan Zamfara da takwarorinsu na Sakkwato a 2024. A watan Nuwambar 2025 shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaro, ya umarci a ƙara ɗaukar sojoji da 'yan sanda, ya kuma nemi majalisa ta duba batun 'yan sandan jihohi.

Inda aka ci gaba da inda aka tsaya

Idan aka auna Community Watch da 'yan sa-kai, ko shakka babu an samu ci gaba. An kafa ta ne da dokar majalisar jiha, akwai ma'aikatar tsaron cikin gida da ke kula da ita, an tantance waɗanda aka ɗauka, an ba su horo da kaki da motoci da babura, ana kuma biyansu alawus. A 2024 an yaye rukuni na biyu na mutum 550, aka faɗaɗa aikin zuwa wasu ƙananan hukumomi da suka haɗa da Dutsin-Ma da Kurfi. Babban jarinsu shi ne sanin ƙasa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sun san hanyoyin shanu da mashigar rafi, sun san baƙuwar fuska a kasuwa. Da yawa daga cikinsu sun rasa rayukansu a wannan aiki.

Amma akwai abubuwa uku da tarihin rundunonin ko-ta-kwana ke nuna cewa sai an kula da su. Na farko shi ne horo mai ɗorewa. Sojan ko-ta-kwana na Isra'ila ya yi shekaru yana aikin soja kafin a mayar da shi gida, duk da haka da aka yi sakaci da atisayensa sai da ya ji jiki a 2006. Horon 'yan makonni ba zai wadatar da matashin da ke fuskantar masu manyan bindigogi ba, sai an riƙa sabunta shi, kuma a nan ne tsofaffin sojoji da 'yan sandan da ke zaune a kusan kowace gunduma ta Katsina za su yi amfani.

Na biyu shi ne hukunci. Labarin Tantura ya nuna cewa ko rundunar da ke da kwamandoji da rajista tana iya aikata abin da zai bi ta shekaru saba'in. A Katsina haɗarin ya fi kusa, domin wanda ake zargi maƙwabci ne, ana haɗuwa da danginsa a kasuwa da masallaci. Muddin makiyayi na kallon rundunar a matsayin ta Hausawa zalla, to an koma gidan jiya. Shigar da Fulani cikinta, da samar da wurin da talaka zai kai ƙara a saurare shi, da miƙa duk wanda aka kama ga 'yan sanda da kotu, su ne za su raba ta da 'yan sa-kai a idon jama'a.

Na uku shi ne makomar mayaƙan. A 2025 shugabannin al'umma a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Kurfi, sun zauna sulhu da 'yan bindiga, waɗanda aka ga sun halarci wasu tarukan riƙe da makamansu. Gwamnatin jihar ta ce ba ita ta nemi sulhun ba. A wasu wuraren an samu sauƙi, manoma sun koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba, amma harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau a Malumfashi a watan Agustan wannan shekara, inda aka kashe masallata da dama, ya nuna cewa sulhun wani yanki na iya tura masifa wani yankin. Idan zaman lafiya ya ɗore, me za a yi da dubban matasan da suka saba da bindiga? Idan gwamnati ta sauya, ko kuɗin jiha ya ja baya, wa zai biya su, kuma wa za su yi wa biyayya a lokacin zaɓe? Abin da ya faru da 'yan doka a jamhuriya ta farko na nan a matsayin gargaɗi.

Bisa ga dukkan alamu, Najeriya ba za ta iya ɗaukar tsarin aikin soja na dole ba a nan kusa, saboda yawan jama'a da tsadar abin. Abin da zai yiwu shi ne dokar tarayya da za ta fayyace matsayin rundunonin jihohi, da irin makaman da za su riƙe da inda za a ajiye su, da wanda ke ba su umarni idan suna aiki tare da birged ta 17, da kuma hanyar sallamarsu da sana'a a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da aka samu ɗan sauƙin hare-hare shi ne ya fi dacewa a yi wannan aiki, kafin wata daminar ta zo manoman Tamawa da maƙwabtansu su sake tambayar wanda zai tsare su a gona.